Gargaɗi ga ɗalibai da iyaye a Kebbi kan masu tallan aikin sa kai a ƙasashen waje

Akwai wani talla da ke yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na ɗalibai a Birnin Kebbi, Argungu, Yauri da Zuru, wanda ke gayyatar matasa su tafi Turai ko Kanada aikin sa kai na shekara guda, ko dai kafin su shiga jami'a ko kuma a tsakiyar karatu. Masu tallan sun san waɗanda suke hari: yaron da ya rubuta JAMB yana jiran gurbi, da wanda ya kammala yana jiran kiran bautar ƙasa. Duk wanda ya ga zaman da ɗalibai suka yi a 2022, lokacin da yajin aikin ASUU ya kai wata takwas, ya san yadda zaman jira ke sa matashi ya kama duk igiyar da aka miƙo masa.

Gaskiya ne ɗalibai a Ingila da Amurka kan ɗauki hutun shekara su yi yawon duniya, su koyar a makarantun karkara. Da hotunansu ake kafa tarkon. Abin da ba a faɗa wa yaranmu shi ne, akasarin waɗancan da kuɗinsu ko na iyayensu suke tafiya, kuma fasfonsu na shigar da su ƙasashe da dama ba tare da wahalar biza ba.

Da ƙaramin abu masu tallan ke farawa, kuɗin fom, wanda ɗalibi zai iya biya ba tare da ya gaya wa kowa a gida ba. Bayan 'yan kwanaki sai a turo masa takarda mai tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, da sunansa cikin manyan haruffa, ana taya shi murna. Daga nan kuɗin tantancewa, kuɗin gwajin lafiya, kuɗin inshora da kuɗin biza ke biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da wa'adin kwana biyu, domin kada a samu sararin shawara. A wannan gaɓar ne uba kan fitar da buhunan shinkafar da ya ajiye, uwa kuma ta ɗauki adashenta. Idan mutum ya duba takardar POS da kyau, zai ga asusun na wani mutum ne, ba na ƙungiya ba, adireshin imel ɗin kuma irin na kyauta ne da kowa ke iya buɗewa.

Shirin masu aikin sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, wanda aka kafa a 1970 kuma hedikwatarsa ke Bonn ta Jamus, ba ya karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar mutane, hasali ma shi ke bai wa wanda ya ɗauka alawus. Peace Corps kuwa, hukumar aikin sa kai ta gwamnatin Amurka da masu tallan kan ari sunanta ita ma, 'yan ƙasar Amurka kaɗai take ɗauka. Shirin TAC na gwamnatin Najeriya na tura masu aikin sa kai ƙasashen waje, wanda ya fara a 1987, ƙwararru irin su likitoci da malamai yake turawa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu, ba mai takardar sakandare ba. Ingila ma ba ta bayar da bizar aikin agaji sai da shaidar ɗaukar nauyi daga ƙungiyar da ke da lasisi a can.

A ganina asarar kuɗi ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, kuma ɗalibin da ya bar jami'a a Aliero ko Birnin Kebbi ba tare da an amince masa a rubuce ya jingine karatu ba, yana iya dawowa ya tarar an soke sunansa. Mafi muni shi ne idan aka ce masa biza ta yi jinkiri, ya miƙa fasfonsa, a bi da shi ta Kamba da ke kan iyakar Nijar a mota, wai zai hau jirgi daga wata ƙasa. Wannan hanya ce da masu safarar mutane suka daɗe suna bi zuwa Agadez da Libiya.

Wanda aka tuntuɓa ya nemi lambar rajistar ƙungiyar ya bincika a shafin hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, ya kuma nuna takardar ga ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantarsa kafin ya biya komai. Wanda ya riga ya tura kuɗi kuma, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana rasit da saƙonni, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara EFCC. Idan har an karɓi fasfo ko an sa ranar tafiya ta mota, hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, ya kamata a sanar kafin ranar ta zo.