Shekara uku a kamfanin manhaja: abin da idona ya gani

Wata biyu ke nan da na miƙa kwamfutar aiki da katin shiga ofis, bayan shekara uku ina rubuta manhaja a wani kamfani mai yi wa 'yan kasuwa tsarin lissafi da karɓar kuɗi. Da gangan na jinkirta wannan sharhi har zuciya ta huce, don mai rubutu da zafi yakan manta alheri. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Masu tambayata ko su nemi aiki a can, ga amsa a rubuce, na huta da maimaici.

Ranar da na fara an kai ni gaban wani bango da aka rubuta wa halayen kamfani da manyan haruffa: gaskiya, girmama juna, da sauransu. Ban sake ɗaga kai na kalle shi ba. A wata na huɗu ne na san inda na shigo.

Wani yammacin Alhamis na tura gyara cikin rumbun bayanai, na manta sharaɗi ɗaya tak a umarnin. Maimakon ya taɓa bayanan kwastoma guda, sai ya bi ta kan na kowa. Kafin in ankara Slack, manhajar da muke aika wa juna saƙo a ofis, ya cika da saƙonni, wayar masu amsa ƙorafi ba ta daina ƙara ba. Hannuna na rawa na ce wa shugabar tawagarmu, "Ranki ya daɗe, ni ne na yi ɓarnar nan." Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ko fuska ba ta ɓata ba. "Na sani, bar wannan tukuna. Kwafin ajiya na ƙarshe, na ƙarfe nawa ne?" Da hannuna ta sa na maido da komai, tana karanta mini umarnin layi-layi. Washegari aka rubuta rahoton abin da ya faru, babu sunana a ciki ko sau ɗaya. Tambayar da ta ɗora a kan tebur ita ce: me ya sa tsarinmu ya bar sabon ma'aikaci ya taɓa bayanan kwastomomi ba tare da ido na biyu ba? Daga ranar duk wani gyara sai an gwada shi a gefe, wani kuma ya amince da shi a GitHub, shafin da muke ajiye rubutun manhajarmu, kafin ya wuce.

Daga baya na gano ashe abin har bincike aka yi a kansa. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta nuna tun 1999 cewa tawagar da mutum ba ya tsoron furta kuskurensa a cikinta ta fi saurin koyo, kuma Google ya iske haka a nazarin tawagoginsa da ya kira Aristotle. Ni dai a jikina na fara sani. A shekara biyun da na yi ƙarƙashin matar nan na koyi abin da makaranta ba ta ba ni ba, mafi yawa ta hanyar duba aikin juna. Manyanmu ba sa rubuta "wannan ba daidai ba ne" su wuce, sai sun faɗi dalili.

Albashi bai taɓa latti ba, kayan aiki masu kyau ne, kuma aiki daga gida da aka fara lokacin korona a 2020 bai tafi gaba ɗaya ba, an bar mana kwana biyu a mako. Wannan ba ni da ta cewa.

Matsalar daga sama take. Masu tallar kamfani sukan yi wa kwastoma alkawarin rana, sannan a sauko a tambaye mu ko zai yiwu, alhali an riga an sa hannu. Manyan kuwa bakinsu bai rabuwa da kalmar Agile, wato tsarin gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gyarawa a tafe. Mutum 17 da suka taru a Snowbird ta jihar Utah a Amurka a 2001 suka rubuta sanarwar wannan tsari, abin da suka fara da shi shi ne fifita mutane da mu'amalarsu a kan ƙa'idoji da kayan aiki. A wurinmu an juya shi. Taron tsaye na safe minti 15 aka tsara masa, don 'yan tawaga su san inda kowa ya maƙale. Da darakta ya fara shiga, sai ya koma minti 40 na kare kai, kowa na neman abin da zai faɗa don kada a ce jiya bai yi komai ba. Makin da muke sa wa ayyuka a Jira, manhajar bibiyar aiki, kintace ne kawai na wahalar aiki, amma aka mai da shi ma'aunin mutane. To, wa zai yarda a bar shi a baya? Aikin maki 2 ya koma 5, jadawalin manya ya yi kyau, manhajar tana nan yadda take.

Da wani babban aiki ya makara, maganin da aka kawo shi ne ƙara mana mutum 5 a kan mu 6. Na so in yi dariya. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin wata babbar manhaja mai suna OS/360 a kamfanin IBM, ya faɗa tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya makara ƙara masa latti yake yi. Lissafin ma a fili yake: tsakanin mutum 6 hanyoyin magana 15 ne, tsakanin 11 kuwa 55. Makonni muka kwashe muna koya wa baƙi maimakon rubutu. Don a cim ma wa'adi aka yi ta kitso da kwarkwata, abin da Ward Cunningham ya kwatanta da cin bashi tun 1992. Masu gadin dare, wato mu da ake tasa bi da bi idan manhaja ta faɗi da dare, su ne ke biyan wannan bashi. Mako guda kana kwana da waya a gefen kunne, ƙarfe uku na dare ta tashe ka, kuma kusan kullum sashe ɗaya ne ke faɗuwa. Duk sanda muka roƙi mako biyu mu gyara shi daga tushe, amsar ba ta canzawa: "Bari mu fita daga wannan wa'adin."

Sai shugabar tamu ta samu wani wuri ta tafi. Aka ɗora wanda ya fi mu iya rubutu, mutumin kirki, amma ba a koya masa riƙon mutane ba, shi ma bai nema ba, shugabancin ne dai kaɗai ƙofar ƙarin girma. Da aka sake samun ɓaraka, tambayar farko daga sama ita ce, "Wa ya yi?" Ya faɗi suna. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma tsoro yake ji. Amma daga nan kowa ya shiga taitayinsa, mutum ya ga kuskure ya yi shiru, yana fatan ya fashe a makon wani. An raba mana takardar jin ra'ayi da aka ce ta sirri ce, sai ga shi tana tambayar tawagarka da shekarunka a kamfani. A ɗaki mai mutum ƙalilan, wane sirri ya rage? Kowa ya rubuta lafiya lau. Bangon nan kuwa har sabon fenti aka yi masa.

Idan sabon shiga ne kai, kana neman inda za ka goge, wurin zai yi maka amfani, da sharaɗin ka san hannun wa za ka faɗa. A ganawar ɗaukar aiki ka nemi a haɗa ka da wanda zai zama shugabanka kai tsaye, ka ce ya ba ka labarin ranar ƙarshe da manhajarsu ta faɗi, ka saurara ko zai ambaci sunan mutum. Na ji tsoffin abokan aiki na yabon tawagar manhajar waya, idan can za a kai ka, karɓa. Idan tamu ce ta da, ka sa a rubuta maka a takarda sau nawa gadin dare zai zagayo kanka.