NVDA ko JAWS: Wadda Ta Fi Dacewa da Ɗaliba Mai Lalurar Gani

Malam, tsakanin manhajoji biyu masu karanta wa makaho abin da ke kan allon kwamfuta da murya, wato NVDA da JAWS, da ka tambaya saboda 'yarka mai shirin shiga jami'a, ka saka mata NVDA, kuma kada ka biya kowa ko sisin kwabo a kanta.

Da NVDA na rubuta kundin digirina bayan idanuna sun rufe. Na ɗora ta a kan filashi ina yawo da ita a aljihu, duk kwamfuta mai Windows da na samu, a ɗakin karatu ko a shagon buga takardu, sai in soka filashin in sa abin kunne, ta fara karanta mini allo ba tare da an girka komai ba. Har yau ban manta ranar da na cike fom ɗin rajista a intanet ni kaɗai ba, babu wanda na roƙa ya zauna kusa da ni yana jin sirrina. Makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta, aikin da ya faro a 2006, kuma kyauta ake sauke ta daga shafin NV Access. Muryar Turancinta takan yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ, amma tana da ƙamus da mutum zai gyara mata lafazin kalmomin da ya fi amfani da su.

JAWS ta kamfanin Freedom Scientific na Amurka tana aiki, ban musa ba, sai dai da dala ake biyan lasisinta.

Ka yi hattara da masu shagon da ke cewa za su saka maka JAWS cikakkiya a farashi mai sauƙi. Wani ya taɓa karɓar kuɗina, ashe ta gwaji ya saka mini, wadda take yin shiru bayan minti 40 sai an sake kunna kwamfutar. Akwai ma masu sayar da NVDA ga wanda bai san kyauta ba ce.

Duk wadda ka zaɓa, takardar da aka ɗauki hotonta aka mayar PDF za ta wahalar da yarinyar, domin hoto ne a wurin manhajar. Tun makon farko ta roƙi malamanta su riƙa ba ta takardun darasi a Word, da kanun babi a tsare, yadda za ta iya tsallakawa daga babi zuwa babi da maɓalli ɗaya.