Gudawa bayan dashen ɓargo: sharhina kan asibitin da ya duba ƙanena a Indiya

A wani asibitin kuɗi da ke Delhi aka yi wa ƙanena mai sikila dashen ɓargo, yayarmu ce ta ba shi, ni kuma na yi jinyarsa. Ana shirin sallamarmu sai gudawa ta ɓalle masa, ruwa tsagwaronsa, kore, ga murɗar ciki.

Tun kafin dashe sun gargaɗe mu kan GVHD, wato sabuwar garkuwar jiki ta ɗauki jikin da aka dasa ta a matsayin baƙo ta far masa. Fata da hanta da hanji ta fi kamawa, galibi cikin kwana 100 na farko. Abin da ya burge ni shi ne ba su yi gaggawar ɗora mata laifi ba. Likitar ta ce ƙwayoyin cuta irin su CMV da adenovirus da C. difficile duk suna kawo irin wannan gudawar, har mycophenolate, maganin danne garkuwar jiki da yake sha. Danne garkuwa ake yi don maganin GVHD, to in aka ƙara danne ta alhali ƙwayar cuta ce, an zuba wa wuta fetur.

Nas ta kawo mazubi mai lambobi, ta ce kada in zubar da komai sai an auna. Da ƙyanƙyami na fara, amma da awon nan ake sanin tsanani: ga babba, mililita 500 a rana mataki na ɗaya ne, ya wuce 1,500 ya shiga na uku. Aka gwada jini da bayan gida, sannan aka ƙara masa ƙwayoyin daskarar da jini, aka zura kyamara ta dubura aka tsinko ɗan naman hanji. A ido hanjin bai nuna wani abin tashin hankali ba. Sai a ɗakin gwaji aka ga ƙwayoyin bangonsa suna mutuwa ɗaiɗai, alamar GVHD ke nan. Methylprednisolone, wani maganin danne garkuwa, suka sa masa ta jijiya, kuma alhamdulillahi ya karɓe shi.

Inda suka gaza shi ne bayani. Muna zaman jiran sakamako ba mai leƙo mu, tafintan ma da yamma yake tashi. Kuɗin kyamara da gwajin naman kuwa ba ya cikin jimillar da muka biya tun daga gida, sai a takardar sallama muka gan shi. Aikinsu na yaba, amma mai shirin zuwa ya sa a rubuta masa irin waɗannan kuɗaɗen kafin ya biya ko sisi.