Garejin da ya ceto min tsohuwar Hilux ɗina daga sauke inji

Jama'a masu tsofaffin motocin gas, musamman ku da kuke shiga ƙauyuka ɗauko kaya, in wani ya ce muku injinku ya gama sai an sauke, dan Allah kar ku yi saurin yarda sai kun je an muku gwaji irin wanda zan faɗa. Akwai wani dattijon bakanike a bakin hanyar Gumel zuwa Maigatari, garejin nasa ba wani abin kallo bane, rumfar langa-langa ce da bishiyar darbejiya da rami ɗaya, ko allon suna babu, amma wallahi aikin da ake a wajen ya fi na wasu manyan garejojin da na sani a birni. Ba zan sa sunansa ba don bai san ina wannan rubutun ba, kuma mutum ne da baya son hayaniya. Ni Baba nake ce masa, yaransa kuma Oga.

Motar tawa Hilux ce akori kura mai ogzileri, wato mai ja da taya huɗu, irin ƙirar da Toyota ta fara fitarwa a 1988, injinta 3L ne, lita 2.8, silinda huɗu, ba tabo ba kwamfuta. Da ita nake ɗauko riɗi da zoɓo daga ƙauyuka in kaka ta yi, ranar Alhamis kuma kasuwar Maigatari. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba burji muke bi ba, yashi ne zalla, in ka sauka daga kwalta sai jigawa bayan jigawa. Toh matsalar da ta kawo min kala uku ce a haɗe. Da safe cikin hunturu bata tashi sai an yi ta kik har batir ya kusa sauka, in ta tashi kuma sai farin hayaƙi mai yaji a ido. Na biyu in na yi lodi na shiga yashi sai ta riƙa sakin jiki, kana taka totur tana ƙara nauyi, can sai ta mutu, in ka bata ɗan lokaci kuma ta tashi kamar ba ita ba. Na uku allurar zafi tana hawa har ta wuce rabi. Wani gareji da na fara kaita ko bonet ba su gama buɗewa ba suka ce ringin fistin ne, a sauke inji a kai Kano, ko kuma in nemi kuɗi in sayo ɗan Kwatano a Ƙofar Ruwa. Ana cikin kaka fa, lokacin da mota take biyan bashin shekara.

Abinda ya fara burge ni da Baba shine bai ɗauki sifana ba sai da ya gama yi min tambayoyi. A ina nake shan mai, gidan mai ko wajen 'yan bumburutu? Tana cin baƙin mai? Ina ƙara ruwa a lagireto kullum ko sai jefi-jefi? In ta mutu tanki na cike ne ko ya yi ƙasa? Hayaƙin in ta yi zafi yana ɗaukewa ko yana nan? Ya zauna akan benci yana saurare, sannan ya ce in tada ta. Tana silo ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ya ɗora shi a bakin ba tare da ya murɗa ba, muka tsaya muna kallo. Murfin yana ɗan rawa amma bai tashi ba, hucin da ke fitowa kaɗan ne. Ya ce Malam in da ringi ya mutu da ka ga murfin nan yana tsalle hayaƙi na bulbulowa, kuma da salansa na fidda shuɗin hayaƙi, naka fari ne. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa, baƙi ne wuluk ba alamar ya haɗu da ruwa, don in gaskit ya ƙone man yakan koma kalar shayi da madara. Dama tun kafin a tada ta, tana sanyi, ya buɗe lagireto, da ta tashi ya leƙa ko ruwan na kumfa, babu. A nan ya ce min inji dai ba za a sauke ba. Wallahi har cikin raina na ji sanyi.

Sai gwajin jarka, wanda shi nake so kowa ya riƙe ko da ba wajensa za ka je ba. Ya sa yaro ya kawo jarka ƙarama da gas mai tsabta, ya cire tiyon da ke zuwa daga tanki, ya haɗa wani daga jarkar kai tsaye zuwa famfon injekta, wato mai tura gas cikin inji, aka ɗaure jarkar da roba, muka shiga yashin da ke bayan gari da wasu buhuna a baya. Motar nan ta riƙa ja kamar da can, ko tari bata yi ba. Kaga kenan inji lafiya, famfo lafiya, ɓarnar tana tsakanin tanki da famfo. Da muka dawo ya mayar da layin tanki amma ya sa guntun farin tiyo mai nuna ciki tsakanin filta da famfo, ya kira ni ya ce zo ka gani da idonka. Ƙananan kumfa ne ke bin man a jere, in an taka totur su ƙaru. Ya min bayani cewa a irin injin nan famfon ne da kansa yake zuƙo mai daga tanki, don haka in tiyo ya tsage ba lallai ka ga mai na ɗiga a ƙasa ba, iska zai riƙa sha, shi ya sa mutane ke duba ƙarƙashin mota su ga a bushe su ce ai ba yoyo. Kuma injin gas da iska basa shiri ko kaɗan.

Waje biyu aka samu. Wani tiyon roba kusa da tanki ya bushe ya tsattsage ta bakin kilif, sannan ɗan famfon hannu da ke saman filta, wanda ake dannawa in mai ya ƙare, robarsa ta mutu, kana dannawa baya tauri. Ya kwance ƙasan filtar ya tara kwalba, abinda ya fito sai da na ji kunyar motar, ruwa ne a ƙasa gas a sama da jar ƙura kwance a gindi. Ashe akwai fitila a dashbod da ya kamata ta kawo in ruwa ya taru a wajen, tawa an daɗe da cire wayarta tun kafin motar ta zo hannuna. Aka sauke tanki aka wanke, ragar da ke bakin bututun ciki ta toshe da laka, shi ya sa in na shiga gargada dattin ya tashi ya rufe ta mota ta mutu, in na tsaya ya koma ya kwanta ta tashi. Bai zagi masu sayar da mai a jarka ba, ya san a ƙauye wani lokacin dole ce, ya dai ce in zan zuba in tace da kyalle mai kauri kuma kar in yarda a juye min ƙarshen durom.

Maganar tashin safe kuma hita ce. Injin 3L yana da hita huɗu, kowace silinda ɗaya, su ke gasa ciki kafin ka yi kik. Ya ciro su ya gwada da batir ɗaya bayan ɗaya, biyu suka yi ja jawur cikin ɗan lokaci, biyu ko ɗumi. Da zafi ba za ka gane ba sai iskar hunturu ta kaɗa. Ya ce a canza duka huɗun a tare kuma a tabbatar masu ƙarfin wutar da ya dace ne, don akwai kala-kala kuma in ka sa wadda ba ita ba ko ta ƙone da wuri ko ta ƙi yin zafi. Daga nan mota na silo ya ɗauki sifana 17 yana sassauta bututun nozul, wato masu fesa gas cikin silinda, ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya sassauta sai inji ya canza murya ya fara rawa, da ya zo kan na uku canjin kaɗan ne. Ya ciro su duka ya naɗe a tsumma mai tsabta ya ce in kai wa masu injin gwaji a Kano. Na tsaya aka gwada a gabana, uku na feshi kamar hazo, na ukun nan kuwa tsiyaya yake. Wannan ma na yaba masa, famfon injekta ko taɓa shi bai yi ba, ya ce ba aikinsa bane kuma ba a buɗe shi a cikin ƙura. Nawa ne cikin kanikawa za su ce maka abu kaza ba aikina bane?

Wajen zafi ne muka ɗan yi gardama da shi. Tamostat ɗin motar, wato abinda ke daidaita zafin ruwan inji, dama an cire, kamar yadda kusan kowa ke yi a ƙasar nan, ni ma abinda na taso na ji kenan, wai ta ƙasar sanyi ce. Baba ya ce shi bai yarda ba, inji yana da zafin da aka gina shi ya yi aiki a kai, in babu ita da safe yakan daɗe bai kai wajen ba, ya ƙara shan mai ya ƙara cin jiki, kuma cire ta baya maganin asalin abinda ke kawo zafin. Asalin kuwa ya nuna min. Da aka kashe mota tana da zafi ya juya fanka da hannu, sai ta yi ta juyawa sakaka ba tauri, man silikon da ke cikin kulocin fankar ya ƙare, tana juyawa a ido amma bata jan iska. Bai yi mata walda ba kamar yadda wasu ke yi, buɗewa ya yi ya zuba sabon mai. Gaban lagireto kuma ƙaiƙayi da ciyawa sun liƙe shi, ciki ga gishirin ruwan rijiya fari fat a bakin bututu. Aka kai wa mai lagireto ya buɗe ya zuzzura, aka canza murfi don robarsa ta saki, aka mayar da tamostat. Na bi maganarsa ba don na gamsu a lokacin ba, amma tun daga nan allurar tana tsayawa ƙasa da rabi ko da lodi.

Ya kuma ja min kunne akan tuƙi, in na shiga yashi mai zurfi in kulle hob ɗin tayoyin gaba tun kafin in kafe, in sa ogzileri a L4, wato ƙaramar giyar taya huɗu, in rage iskar taya, kar in riƙa matsa mata a babbar giya, in na hau kwalta kuma in mayar H2, wato ja da taya biyu. Tayimin bel ma ya duba, Toyota sun ce a canza duk kilomita 100,000, ni kuma mitar motata ta mutu ban san adadin da ta yi ba, ya ce in ya tsinke a irin injin nan bawul da fistin ne za su haɗu, sai a yi saukar injin da muke gudu. Muka canza, ya sa fenti ya rubuta wata da shekara a jikin murfin.

Amma fa wajen yana da nasa. Jira kam sai ka shirya, Baba baya gaggawa kuma baya barin mota ya koma kan wata, in ka je ranar Laraba ko Alhamis direbobin kasuwa sun cika wajen sai dai ka yi haƙuri. Waya baya ɗauka in yana aiki, gara ka je da ƙafarka. Baya ajiye kaya, komai sai ka sayo, ƙananan abubuwa ana samu a Gumel amma hita mai kyau da bel sai Kano, wannan ya ci min lokaci da kuɗin mota. Yaransa akwai ƙanana biyu da har yanzu basu iya ajiye noti ba, a ƙasa suke zubarwa cikin yashi, sai da na nemo musu gwangwani, kuma an bar min sitiyari da kujera duk baƙin mai, wannan bai min daɗi ba na kuma faɗa masa, ya yi musu faɗa a gabana. Wajen zama benci ɗaya ne, ga rana. Sannan in motarka sabuwar Hilux ce mai kwamfuta kar ka wahalar da kanka, shi da kansa zai ce ka wuce birni, bashi da na'urar.

Kuɗin aiki kuwa bai yanka min ba sai da aka gama, kuma abinda ya faɗa bai kai kuɗin cika tankin motar ba, kayan da na saya ne suka fi ci. Duk abinda aka cire ya haɗa min a leda, tsohon tiyo, hita, filta, ya ce in tafi da abuna. Ya kuma nuna min wani yoyon baƙin mai kaɗan ta bayan inji wajen giyabos, ya ce sil ne, ba na gaggawa bane, in riƙa duba ma'auni kowace safiya, in kaka ta wuce in kawo a sauke giyabos a canza har da duba faifan kuloci a tare tunda hanya ɗaya ce. In za ka je ka tafi da sassafe ranar Asabar ko Litinin, ka bar motar ta kwana a wajen in matsalar tashin safe ce, don yana son ya ji tashinta na farko da kunnensa, kuma ka riƙo sabuwar filta da gas mai tsabta ko galan ɗaya ne.