Kayan kiwon tururuwa da na sayo: tocilar ta biya, gidan ya cuce ni

Abokai da suka ga kayan nan a ɗakina suna ta tambayata ko su saya, to ga abin da na gani. Saitin kiwon tururuwa nake nufi, wanda ake kawowa daga Cana ta hanyar Kano: kwalaben gwaji, hantsaki, tocilar goshi, da gidan nan na roba mai garai-garai da ake ɗaurewa da ƙananan kusoshi. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma kun san jikkunan nan ba a ƙasa ake tsintar su ba.

Tocilar kam ta ba ni mamaki. Na ɗauka irin ta bakin titi ce mai mutuwa da wuri, ashe tana riƙe caji dare guda cur, ga ta da jan haske. Sai wanda ya taɓa farautar sarauniya, wato uwar tururuwa mai haihuwa, da dare ya san darajar jan hasken nan. Tururuwa ba ta cika ganin ja ba, shi ya sa za ka tsuguna a bakin rami kana kallonsu suna harkarsu hankali kwance. Da farin haske kuwa, kafin ka sunkuya sun watse, ƙwari kuma sun cika maka fuska.

Tun bazara nake jiran ruwan farko mai ƙarfi, irin wanda ke fitar da manoma shuka, don a bayansa ne masu fiffike ke tashi barbara. Ya sauka cikin watan Yuni. Da magariba shinge ya fara tashi, yara na bin fitilu da kwanonin ruwa. A nan sabon shiga ke ruɗewa, ya cika kwalba da shinge yana murna ya kama sarauniya. Shinge gara ne, ba dangin tururuwa ba: fukafukansa huɗu tsawonsu ɗaya, ƙahonninsa a miƙe, ba shi da ƙugu. Ita kuwa tururuwa mai fiffike ƙugunta a tsuke yake, ƙahonninta a tanƙware, fukafukan gaba sun fi na baya tsawo. Ko a cikinsu ma ba kowace ake ɗauka ba. Namiji ƙaramin kai gare shi, kuma da an gama barbara mutuwa yake yi. Wadda ake nema ita ce wadda ta sauko ta kakkarya fukafukanta da kanta, tana sauri a ƙasa tana neman wurin haƙa. In ka haska gadon bayanta za ka ga ya yi tudu, da tabon inda fukafukan suka fita. A daren nan, ƙarƙashin fitilun titi na unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, tocilar ta samo mini sarauniyoyin shazumamu, masu ruwan zuma da ɗigo-ɗigo a ciki, na ji daɗi ƙwarai.

Amma ba su ne burina ba. Ni tururuwar gona nake so, mai jidar hatsi, wadda ke share fili fes a bakin raminta ta tara ƙaiƙayi a gefe. Da na idar da sallar asuba na hau babur na bi hanyar Jiratawa, inda ƙasar ke da rairayi kusa da gulbi. Ina duƙe a gefen wata gona sai mai gonar, wani dattijo da sungumi a kafaɗa, ya tsaya a kaina.

"Ɗana, me ka yar?"

Na gaishe shi, na ce, "Baba, uwar tururuwa nake nema."

Bai yi mini dariya ba. Ya nuna mini wani babban gida da ya ce ya daɗe a wurin, ya ce in ina so ya ara mini fartanya. Ya ba ni labarin yadda a shekarun yunwa, har ta 2005, mata ke tonon irin wannan gida su kwashe tsabar da tururuwa ta tara, su sheƙe su dafa. Na ce masa ni ba zan tona ba. Tsohon gida zurfi gare shi, uwar tana can ƙasa inda fartanya ba ta kaiwa, sai dai ka rushe musu rumbu ka hallaka dubbai a banza, alhali mun san kashe tururuwa ba gaira ba dalili abu ne da aka hana mu. Sai ya ce to in duba gefen hanyar shanu, ya ga waɗansu manya suna yawo can tun da sassafe.

Gaskiyarsa. A nan na ga wani ɗan rami sabo fil, an zagaye bakinsa da ƴan dunƙulen rairayi masu danshi. Na jira. Can sai ga sarauniyar ta fito da baya, riƙe da dunƙule a baki, baƙa wuluk mai sheƙi, babu fiffike ko ɗaya. Na sa cokali na ɗebo ta da ƙasar gaba ɗaya. Hantsakin da ke cikin saitin ban ma yarda ya taɓa ta ba, bakinsa kaifi gare shi, ƙarfen kuma ya yi tauri, matsa kaɗan ya fasa mata ciki. Wannan hantsaki ban san don wa aka yi shi ba.

Kwalaben gwajin ba ni da ta cewa a kansu, gilashi ne mai kauri. Ka zuba ruwa kamar sulusin kwalbar, ka tura auduga ta tare shi, ka sa sarauniya, ka toshe bakin da busasshiyar auduga, ka ajiye a duhu. Ba ta bukatar abinci a wannan lokaci, naman da take tashi da shi a gadon baya shi ke narkewa ta rayu da shi, ta ciyar da ƴaƴanta na farko. Na ga ƙwai, na ga sun zama tsutsotsi, kafin damina ta yi nisa ga ƴan ma'aikata ƙanana sun fito. Na riƙa ba su riɗi da tsabar burburwa da dakakken hatsi, suna tattaunawa har ya zama ƙullu su ba uwar. Maiɗakina da ta fara da faɗan na kawo mata ƙwari ɗaki, ita ce ta koma tana tuna mini lokacin ba su abinci. Da a lokacin aka ce in yi sharhi, da cewa zan yi kowa ya ruga ya saya.

Bayan girbi suka yi yawa, kwalba ta yi musu kaɗan, na maida su gidan robar. Mai kayan ya rantse mini cewa a rufe yake ruf, iska kaɗai ke shiga ta raga. To robar nan faranti-faranti ce aka jera aka ɗaure. Na ƙasa yana shan danshi daga soson ruwa, na sama yana shan busasshiyar iskarmu. Sannu a hankali ta lanƙwashe, tsaga ta buɗe a gefe guda, siririya, da ƙyar bakin reza zai shiga. Tururuwata ba ta iya fita ta nan. Kiyashi kuwa ya samu ƙofa.

Da safe na ɗaga ƙyallen da nake rufe su da shi, na ga layin kiyashi ya taso daga ƙafar tebur ya shige tsagar, wani layin na fitowa, kowane riƙe da farin abu. Ƙwai da tsutsotsin ne suke jida. Ma'aikatan sun mutu a bakin ɗakin uwar, a dunƙule, waɗansu da kiyashi maƙale a ƙafafu. Ita kuma tana kwance rigingine, an yanyame ta, ƙahonta ɗaya na motsi. Na kwance kusoshin hannuna na rawa, na fito da ita na kakkaɓe da gashin kaza, na maida ta kwalba mai ruwa. Ba ta kai azahar ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, na sani, amma watanni tana kan wannan teburin a cikin kwalba da auduga, kiyashin nan yana ɗakin, bai taɓa samun hanya ba. Sai da na sa ta cikin abu mafi tsada a saitin.

Wanda ba ya kiwo zai ce ƙwaro ne, a kamo wani. Ina za a kamo? Sarauniya sau ɗaya take tashi barbara a rayuwarta, abin da ta samu ranar shi take haihuwa da shi har ta mutu, kuma tana daɗewa. An taɓa kiwon wata a Jamus ta kai kusan shekara 29. Sababbi ba sa fitowa sai damina ta dawo. Asarar shekara guda ke nan aka ja mini.

Na kai wa mai kayan gidan, na nuna masa tsagar. Na ce, "Alhaji, dubi abin da ka ce a rufe yake." Ya juya shi ya ce, "Malam, zafin garinmu ne, can da ake yinsa ba ya haka." To a can na ce maka zan yi kiwon? Wai kuma in ƙara kuɗi ya sa a kawo mini sarauniya daga waje. Wannan ya fi ɓata mini rai. A watan Afrilun 2025 aka kama wasu samari biyu ƴan Beljiyam a Kenya da sarauniyoyi wajen 5,000 cikin ƴan kwalabe, kotu ta ci kowannensu tarar dalar Amurka 7,700. Irin wannan fatauci yake so in sa hannu, ga tururuwa cike da gonakinmu daga Tibiri har Madarumfa.

Da na huce na so in ce saitin rabi da rabi ne, tunda tocila da kwalabe sun yi aiki. Amma da na sake lissafi, ai kusan duk kuɗin na gidan ne. Tocilar goshi akwai ta a babbar kasuwa, sai dai ka tabbatar mai jan haske ce, kwalabe kuma masu sayar da kayan asibiti suna da su. Shazumamuna suna nan cikin kwalabensu, ƙafafun teburin yanzu a cikin gwangwanayen ruwa suke, kuma na ba wani magini ya yi mini gida na yumɓu da za a rufe da gilashi. Shi kuwa Alhaji na roƙe shi ko rabin kuɗin gidan ya maido, ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa, har yau ko dala ban gani ba.