Littafin girkin yara na Amurka ko namu na Hausa: wanne za ki saya wa 'yarki?

'Yar uwa, kin ce 'yarki mai shekara 10 ta hana ki sakat a kicin, kuma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin littattafai biyu: na Turanci da aka buga a Amurka don yara, da ƙaramin nan na Hausa da ake samu a rumfunan littattafai cikin kasuwa. Irinsu duka biyun sun shigo gidana, kuma duka sun sha manja.

Na Amurkan, abin da ba za a raina masa ba shi ne awo. Ba ya barin yaro ya yi kirdado. Kofi ɗaya kusan mililita 240 ne, babban cokali 15, ƙarami 5, kuma kowane mataki da hotonsa. Nagari daga cikinsu har yakan sa alama a wurin da dole babba ya karɓa, wato wajen wuƙa da wuta. Amma buɗe jerin kayan haɗin ki gani: cuku kala-kala, kirim, sitiroberi, wanda a nan sai an kawo shi daga Jos. Yarinya ta zaɓi hoton da ya burge ta, ke kuma ki kama yawon kanti. Ga batun gashi. Zai ce a kunna obin a 350, alhali ma'aunin Amurkawa ke nan. A ma'aunin Salsiyos da muka saba da shi kusan 180 ne. In kuwa kek ɗinki a tukunya kike gasa shi da yashi a ƙasa, lambar ma ba ta da wurin zama.

Na Hausan kuma komai nasa yana ƙofar gida: garin wake, kuka, zogale, ƙuli-ƙuli, attaruhu. Abin da ta dafa, gidan gaba ɗaya zai ci da dare. Matsalarsa, yawanci amarya aka rubuta wa, wadda ta riga ta san hannun girki. Za ki ga "ki yi talge", "ki zuba kanwa daidai misali", "idan ya nuna ki sauke". Wane misali yarinya ta sani? Tawa, ranar da ta fara ɗan wake daga irin wannan littafin, ta juye ruwan kanwar da na jiƙa kaf a cikin ƙullin. Ya fito baƙi-ƙirin, ga bauri yana kama harshe. Babanta ne ya daure ya ci guda biyar yana santi na ƙarya, don ya ga idonta ya kawo ruwa.

Duk da haka, ni na Hausan zan ce ki saya. Rashin awo ke da kanki za ki iya gyara shi, rashin kayan haɗi kuwa aljihu yake ci. Ki haɗa mata da littafin rubutu mai warƙa 40, ki ware mata gwangwanin madara ɗaya da cokali ɗaya su zama nata. Duk girkin da za ku yi, ki auna a gabanta kafin ki zuba, ita kuma ta rubuta da hannunta: gari gwangwani nawa, kuka cokali nawa, da alamar nuna, kamar yadda ɗan wake ke tasowa saman ruwa.

Ku fara da kwaɗon zogale, ke ki dafa ganyen ita ta haɗa, sai wainar fulawa, sai ɗan wake. Ƙosai da fanke a jinkirta su, mai mai zafi ba ya jin "yi haƙuri". Na Turancin, in wata a dangi tana da shi, ki aro mata ran da aka yi hutun makaranta ku gwada kek ɗaya tare.