Shagon gyaran kekunan tsere a bayan Babbar Kasuwar Maraɗi

Masu gyaran keke suna da yawa a Maraɗi, amma waɗanda suka san keken tsere ba su da yawa, kuma wannan malamin da ke bayan Babbar Kasuwa yana cikinsu. Ƙanena, ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, a wajensa ya yi gyara tun daga farkon lokacin gasar bana har ƙarshensa, yana atisaye da asuba a hanyar Madarunfa kafin ya shiga aji.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake daidaita gargare: sai ya ɗora shi a kan ƙarfe, ya juya a hankali, yana ɗaure wayoyin ɗaya bayan ɗaya har karkacewar ta ɓace. Yana da ma'aunin sarƙa, kuma ya bayyana mana cewa idan sarƙar keke mai giya 11 ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari, wajibi ne a canza ta, in ba haka ba za ta cinye haƙoran giyar baya, waɗanda suka fi ta tsada nesa ba kusa ba. A lokacin hunturu, da ƙura ke maƙalewa a jikin mai, yakan wanke sarƙar tsaf kafin ya ɗiga mata sabo kaɗan.

Matsalarsa ita ce kayan gyara. Ba ya ajiye siririyar taya mai milimita 25 ko kayan Shimano, kamfanin da ke ƙera kayan keke, sai an yi sautu daga Kano ko Yamai, don haka duk mai gasa a gabansa ya kai kekensa da wuri. Kuɗin aikinsa kuwa bai fi ƙarfin ɗalibi ba.